Chevrolet Corvair: Motar da rigimar ƙafafunta ta kai har Majalisar Dattawan Amurka

A ƙarshen 1959 kamfanin General Motors ya fito da Chevrolet Corvair, ƙaramar mota mai inji a baya wanda iska ke sanyaya shi. Samfurinta na Monza ya kwanta wa matasa masu son gudu a rai, musamman Monza Spyder ta 1962 mai ƙarfin doki 150. Sai dai yadda bayanta ke yi a kwana ya fi gudunta suna a tarihi.

Fiye da kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kan tayoyin baya yake. Kowace tayar baya kuma tana ɗaure ne da aksul mai gaɓa ɗaya tak, can kusa da giya, don haka ba ta hawa da sauka a miƙe, lilo take yi kamar ƙyauren ƙofa. Irin wannan tsari ne a tsohuwar Volkswagen Beetle, amma Corvair ta fi ta nauyi da gudu. Idan direba ya shiga kwana da ƙarfi, bayan motar kan ɗago, tayar waje ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, har ya zama gefenta kawai ke taɓa kwalta. Daga nan sai baya ya zame yana neman wuce gaba. Direban da ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur ko ya taka birki, ya ƙara dagula lamarin, domin nauyi zai koma gaba ya bar tayoyin baya babu riƙo.

Injiniyoyin sun san maganin. Akwai sandar ƙarfe da ake haɗa ƙafafun gaba biyu da ita, wadda ke rage kwanciyar mota gefe ɗaya, ta kuma sa gaba ya ɗauki kaso mafi yawa na wahalar kwana. Ba a saka ta a motocin farko ba saboda tsimin kuɗi. Maimakon haka aka dogara da iskar taya: awo 15 a gaba, 26 a baya, a ma'aunin psi. Dabarar tana aiki a takarda, amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san cewa iska ɗaya ake bugawa duka tayoyi huɗu in ba a yi magana ba. A ganina nan ne ainihin laifin yake: an rataya ran direba a kan layi ɗaya cikin littafin mota da mutane kaɗan ke buɗewa.

Masu sayar da kayan gyara sun riga kamfanin motsawa. EMPI ya riƙa sayar da sifirin mai faɗi da ake gicciyawa a ƙarƙashin baya don hana taya shigewa ciki, tsohon ɗan tseren motoci John Fitch kuma ya fitar da nasa kayan gyaran da sunan Sprint. A 1962 Chevrolet ya fara ba da sandar gaba da sifirin masu tauri, amma ga wanda ya ƙara kuɗi. Sai 1964 aka saka sandar a kowace mota tare da sifirin na gicciye. A 1965 aka sake ƙafafun baya gaba ɗaya, kowane aksul ya samu gaɓa biyu kamar na Corvette, taya ta daina lanƙwashewa.

A watan Nuwamban shekarar ne lauya Ralph Nader ya wallafa Unsafe at Any Speed, ya keɓe babin farko ga Corvair ta 1960 zuwa 1963. General Motors ya ɗauki masu leƙen asiri su bi diddigin rayuwarsa. Da asiri ya tonu, shugaban kamfanin James Roche ya ba shi haƙuri a gaban kwamitin Majalisar Dattawa a Maris 1966, a Satumba kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon gindaya wa masu ƙera motoci ƙa'idojin kare lafiya. A 1970 kamfanin ya biya Nader dala 425,000. Kafin nan an daina ƙera Corvair tun 1969, bayan littafin da kuma Ford Mustang sun kwashe mata kasuwa.

A 1972 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fitar da rahoton gwaji cewa Corvair ta farko ba ta fi takwarorinta na wancan zamani saurin ƙwacewa ko kifewa ba. Masoyanta na kafa hujja da shi har yau, Nader kuwa ya yi watsi da shi. Duk da haka, masu riƙe da samfurin kafin 1964 da suka san abin da suke yi kan ƙara mata sandar gaba da sifirin na gicciye, su sabunta shokozoba da robobin ƙafa, kuma su auna iska da sassafe, kafin taya ta ɗauki zafi, su bar ta gaba ƙasa da ta baya da kimanin awo 10.