Kashin Farko na Hum Log da Mafarin Wasan Soyayya a Talabijin na Indiya

A wannan takarda muna so mu ja hankalin mahalarta taro zuwa ga daren 7 ga watan Yuli na 1984, wato daren da gidan talabijin na gwamnatin Indiya, Doordarshan, ya nuna kashin farko na Hum Log, ma'ana "mu jama'a". Masu nazari da dama sukan faro tarihin wasannin soyayya na talabijin a ƙasar daga shekarar 2000, sa'ad da kamfanin Balaji ya mamaye tashar Star Plus. Mu a ganinmu an yi tuya an manta da albasa, domin kuwa saiwar abin tana cikin wancan dare.

Wasan bai zo da niyyar soyayya ba. Gwamnati ce ta nemi hanyar isar da saƙon tsarin iyali ga talakawa, sai ta waiwayi Meziko, inda Miguel Sabido ya riga ya jarraba koyarwa ta hanyar wasan kwaikwayo mai dogon zango tun 1975. Lokacin kuma ya dace, saboda talabijin mai launi ya shigo a 1982 albarkacin wasannin Asiya da aka yi a Delhi, sa'an nan a 1984 aka yi ta kafa ƙananan tashoshin yaɗa shiri a garuruwa. Manohar Shyam Joshi ne ya rubuta, P. Kumar Vasudev ya ba da umarni, masu taliyar Maggi kuma suka ɗauki nauyi.

Mutanen da aka gabatar wa 'yan kallo ba irin na silima ba ne. Gida ne na masu ƙaramin ƙarfi: Basesar Ram, maigida mashayi, da matarsa Bhagwanti mai haƙuri, da iyayensa tsofaffi, da 'ya'ya biyar. Babu fada, babu jarumin da ke doke mutum goma. Duk wanda ya saba da finafinan Indiya a silimun Kano zai fahimci girman wannan sauyi. A ƙarshen shiri kuma sai tsohon ɗan wasa Ashok Kumar ya fito ya fuskanci masu kallo, ya yi sharhi a kan abin da ya gudana, tamkar dattijon da ke warware wa yara ma'anar tatsuniya.

Sai dai kuma kashi-kashin farko ba su sami karɓuwa ba. Jama'a suka koka cewa wa'azin ya yi yawa, har ya zama dole marubucin ya sassauta batun ƙayyade haihuwa bayan kashi 13, ya karkata ga zaman gida da matsayin mata. A nan ne soyayya ta sami ƙofa. Babbar 'yar gidan, Badki, wadda ake ganin ba ta da kyan da zai jawo manema, ta shaƙu da wani likita mai suna Ashwini, sai maganar aurensu ta zama abin da ƙasa ke jira. Wasiƙu kimanin 400,000 aka aika wa shirin, da yawansu kuwa ana magana ne da Ashok Kumar kai tsaye, ana roƙonsa ya sa baki a al'amarin mutanen da ba su taɓa rayuwa ba. An rufe wasan ranar 17 ga Disamba 1985, bayan kashi sama da 150, kuma a 1986 Joshi ya dawo da Buniyaad.