Me Ya Kai Ka'aba Tsakiyar Tambarin OIC?

Makon nan mun ɗauko tarihin wani tambari.

A watan Agustan 1969 aka cinna wa Masallacin Ƙudus wuta. A watan Satumba shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat ta Maroko, aka haifi ƙungiyar OIC. Nijar na cikinta tun farko, Najeriya kuwa sai 1986. Tsohuwar tutarta kore ce, da jan jinjirin wata da kalmar Allahu Akbar.

A 2011, a taron Astana ta Kazakistan, aka sauya mata suna da tambari. Jinjirin watan ya koma kore, ya rungumi taswirar duniya, Ka'aba na tsakiya.

Jinjirin wata bai zama alamar Musulunci a zamanin Annabi (SAW) ba. Daular Usmaniyya ta Turkawa ce ta yaɗa shi. Ka'aba kuwa ta kowa ce. Ƙasashe 57, harsuna barkatai, amma alƙibla ɗaya. Mu da ke Mungadi gabas muke duba, ɗan Indonesiya yamma, duk wuri guda muka nufa.

Mu 'yan ƙasar Gwandu mun san nauyin alama. Tutar da Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama ƙyalle ce, amma izini da amana ta ɗauka har Fombina.

Don haka kafin mu liƙa wata da tauraro a bangon littafi, mu binciki asalinsu. Alamar da ba mu san tarihinta ba tana iya faɗin abin da ba mu nufa ba.