Makarantar da Aka Gina da Kuɗin Tankar Yaƙi

A watan Afrilun 1945 sojojin Jamus suka janye daga arewacin Italiya a gurguje. A ƙauyen Villa Cella, wanda ke kusa da birnin Reggio Emilia, sun bar tankar yaƙi ɗaya da manyan motoci da dawakai. Mutanen ƙauye suka sayar da su, sai muhawara ta tashi kan abin da za a yi da kuɗin. An ce wasu maza sun fi son a gina gidan sinima. Mata kuwa, waɗanda yawancinsu ke wuni a gona ba su da inda za su bar 'ya'yansu, suka ce makarantar ƙananan yara suke so. Maganarsu ce ta yi rinjaye.

Kuɗin bai isa ba, don haka aka koma ga ƙarfin hannu. Wani manomi ya ba da fili. Aka riƙa kwaso tubali daga gidajen da bama-bamai suka rushe, mata na kankare tsohon siminti daga jikinsu ɗaya bayan ɗaya, ana ɗebo yashi daga kogi. Ana aikin da yamma bayan an taso daga gona, da kuma ranakun Lahadi, tamkar dai aikin gayya. Labari ya kai kunnen wani matashin malami ɗan shekara 25, Loris Malaguzzi, ya hau kekensa ya je ya gane wa idonsa. Daga wannan zuwan bai sake rabuwa da su ba. An buɗe makarantar a 1947, aka raɗa mata suna 25 ga Afrilu, ranar da Italiya ke bikin kuɓuta daga mulkin 'yan Fasist da mamayar Jamus.

Shekarun farko na wahala ne. Yara da dama ba sa samun isasshen abinci, kuma karin harshen ƙauyensu kaɗai suke ji. Ƙungiyar mata da iyaye ne ke riƙe da makarantar, wasu unguwannin talakawa kuma suka yi koyi, suka buɗe nasu. A wancan zamani cocin Katolika ne ke gudanar da kusan dukkan makarantun renon yara a ƙasar, saboda haka da hukumar birni ta buɗe tata ta farko a 1963, mai suna Robinson, mutane da yawa sun yi mata kallon zargi. Malaguzzi ya ɓullo da dabara: sau ɗaya a mako sai a ɗora yara da kayan aikinsu a babbar mota, a kai su dandalin gari, su yi zane da karatu a idon jama'a. Bayan shekara uku gobara ta cinye ginin Robinson, aka sake tayar da shi. A 1967 hukumar birni ta soma karɓar makarantun da iyaye suka kafa, a 1970 aka buɗe makarantar Diana a tsakiyar lambun shaƙatawa na birnin, a 1971 kuma aka fara gidan renon jarirai 'yan ƙasa da shekara uku.

Suna ya zo daga baya. A 1981 aka baje kolin ayyukan yaran a Stockholm, sannan a 1991 mujallar Newsweek ta Amurka ta sa Diana cikin makarantu goma mafiya kyau a duniya. Malaguzzi ya rasu a 1994, shekarar da aka kafa cibiyar Reggio Children don karɓar baƙin da ke tururuwa. A ganina, da yawa daga masu kwaikwayon tsarin a wasu ƙasashe sun ɗauki ado sun bar tushe. Madubi da teburin haske ana iya sayensu a kasuwa. Abin da ya riƙe waɗannan makarantu shi ne iyaye sun ɗauke su a matsayin nasu, suna zama a majalisar gudanarwa suna faɗa a ji.

Makaranta irin wannan ba babba ba ce: aji uku, na 'yan shekara uku da huɗu da biyar, kowanne da yara wajen 25 da malamai biyu waɗanda ke tafiya da su har su gama. Da safe ana zama a da'ira a tattauna aikin ranar. Daga nan a rabu ƙungiya-ƙungiya, wasu su nufi ɗakin fasaha, inda ƙwararren mai zane ke jiransu da yumɓu da waya da fenti. Ana dafa abinci a cikin makarantar, yara na ganin mai girki, su ne ma ke shirya teburin cin abinci. Malama kuwa tana gefe da biro da na'urar ɗaukar magana, tana rubuta abin da yaro ya faɗa kamar yadda ya faɗe shi. Wannan ɗabi'a ta sauraro ita ta fi burge ni. Wasu yara sun taɓa shafe kwanaki suna zuwa gaban cocin San Prospero da ke cikin birnin suna shafa zakunan dutsen da ke wurin, suna hawa bayansu, suna auna inuwarsu, kafin su zana su, su kuma ƙera su da yumɓu.

Shekarar karatu tana ƙarewa a watan Yuni. A lokacin bangon aji ya cika da hotuna da zane da kalaman yara, mahaifi na iya bi da ido ya ga yadda tunanin ɗansa ya sauya tun daga Satumba. Babu jarrabawa, babu na ɗaya balle na kashin baya. Masu ficewa zuwa firamare sukan tafi gida da tarin ayyukansu na shekara uku. A Diana, manyan yaran sun taɓa zama suka haɗa ɗan littafi na nasiha ga 'yan shekara uku da za su shigo, suna gaya musu yadda malamai suke, da inda ake wasa, da abin da za su tarar a wurin cin abinci da barcin rana. An buga littafin a 2002, da zanen yaran da kalamansu.