Daga Bagauda Zuwa Kofa: Tarihin Zuba Jari a Harkar Shaƙatawa a Ƙasar Kano

Duk lokacin da aka tayar da zancen zuba jari a harkar yawon buɗe ido a Arewa, sai ka ji ana magana kamar wani baƙon abu ne da ba a taɓa gwadawa ba. Alhali kuwa an gwada, an kuma kashe dukiya mai yawa. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a bi sawun wannan yunƙuri a ƙasar Kano, a ga abin da ya rayu da abin da ya mutu.

A ran 27 ga watan Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha goma sha biyu, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako mulkin Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar Jigawa ta yau. Babban abin da ya sa a gaba shi ne ruwa. Ya gina madatsar Bagauda, sa'an nan daga 1971 zuwa 1974 aka datse Kogin Kano a Tiga, tafkin da ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Manufar farko noman rani ce, kamar yadda ake gani a Kadawa, kuma farin da aka sha a farkon shekarun 1970 ya nuna mutumin ya yi hangen nesa.

To, amma Audu Bako bai tsaya ga noma ba. Ya lura cewa inda duk ruwa ya taru a ƙasa mai zafi irin tamu, mutane za su so zuwa shan iska. Saboda haka aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina wani a kan dutse a Tiga, watau Rock Castle. A cikin birni kuma aka buɗe gidan namun daji a 1972. Idan mai karatu ya haɗa waɗannan da dajin Falgore da ke can kudu, zai ga tsari ne guda: baƙo ya sauka a filin jirgin saman Kano, ya zaga Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ya wuce bakin ruwa ya kwana, gari ya waye ya shiga daji kallon namun dawa. Ko sunan Bagauda ma ba a banza ya zo ba, domin shi ne sarkin Kano na farko a littafin tarihin sarakunanta, wanda aka ce ya hau mulki a 999.

An sauke Audu Bako a 1975 bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala. Daga nan fa abubuwa suka fara ja da baya. A ganina dalilin bai wuce biyu ba. Otal-otal ɗin na gwamnati ne, kuɗin mai ne ke riƙe da su, da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu, sai gyara ya gagara. Na biyun ya fi wannan nauyi: an yi su ne domin Turawa da manyan ma'aikata da masu taron ƙara wa juna sani. Talakan Bebeji ko na Rano ba shi da abin da zai kai shi ciki sai aikin gadi ko wanke-wanke. Da waɗancan baƙi suka ɗauke ƙafa, babu wanda zai maye gurbinsu. A ƙarshe otal ɗin Bagauda ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Gidan namun daji kuwa, wanda kuɗin shigarsa bai fi ƙarfin yaro mai barka da salla ba, har yau in Salla ta zo sai ka rasa masaka tsinke a ƙofarsa, duk da cewa dabbobin sun ragu.

Wata sana'ar shaƙatawar ta taso ba da ko sisin gwamnati ba. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, samari suka biyo baya da ɗan abin hannunsu, har aka laƙaba wa harkar suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. Da gwamnati ta waiwayo ta, da hukumar tace fina-finai ta fara zuwa, a 2001.

Sai a 2016 Gwamnatin Tarayya ta ce za ta gina alƙaryar shirya fina-finai ta naira biliyan uku a Kofa. Abin lura, Kofa tana cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji ne, inda Bagauda da Tiga suke. Malamai da dama suka hau mumbari suka ce wannan ƙofar ɓarna ce, muhawara ta yi zafi a gidajen rediyo da Facebook, kafin watan Yuli ya ƙare aka janye maganar. Mutum yana iya goyon bayan malaman ko ya saɓa musu, amma abu ɗaya a fili yake: daga sama aka sanar da aikin, ba a zauna da masu gari an ji ta bakinsu ba tun farko, kamar dai yadda aka yi otal a Bagauda ba da su a rai ba.

'Yan fim ba su jira ba. Satar fasaha ta riga ta karya kasuwar faifai, sai suka koma fina-finai masu dogon zango a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda irin su Izzar So suka samu masu kallo har Nijar da Gana da Sudan. Yawancin ofisoshinsu kuwa suna kan Titin Gidan Zu ne, titin da ya samo sunansa daga gidan namun dajin Audu Bako.