Rufin Asiri da Tonon Silili: Tarihin Tsaya wa Wanda aka Ci Mutuncinsa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Al'adar tsaya wa wanda aka ci mutuncinsa ta girmi wayar salula a ƙasar Zamfara, ta girmi ma jihar kanta, wadda aka kafa ranar 1 ga Oktoba, 1996. A Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa, da Tsafe ta 'Yandoto, da Bunguɗu ta Sarkin Fulani, ba a taɓa ɗaukar ɓata suna ƙaramin abu ba. Ƙasa ce ta makaɗa, ƙasar su Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, inda kowa ya san bakin da ya iya yabo ya iya zambo. Habaici a bakin rijiya, gori a gidan biki, ƙazafi a kasuwa, kowannensu na iya hana budurwa miji ko ya raba ɗan kasuwa da masu ba shi bashi.

Gyaran irin wannan ɓarna yana da matakai. Magana kan fara daga dattijon gida, ta je wurin liman ko mai unguwa, sai ta faskara take kaiwa ga hakimi ko alƙali. A zauren mai unguwa akan shimfiɗa tabarma, a kori yara, a sa wanda ya yi maganar ya maimaita ta a gaban wanda ya yi wa. Sau da yawa a nan ƙarya ke ƙarewa. A cikin gida kuwa goggo da ungozoma da uwar ɗaki ne ke fara jin kukan mace, su ne kuma ke ba ta masauki idan ta yi yaji kafin a zo biko. Ginshiƙin tsarin duka shi ne rufin asiri, wato a yi maganin abu ba tare da ya fita gari ba. Alherinsa a fili yake. Illarsa ma ba ɓoyayya ba ce: idan mai laifin babban mutum ne, wadda aka zalunta kuma 'yar talla ce, mayafin da aka ce an rufa mata, mai laifin yakan rufa.

Taimako mai tsari daga mata zuwa mata ya samo tushe tun ƙarni na 19, daga 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, waɗanda jajinsu, wato jagororinsu mata, ke bin ƙauyuka da karatu, suna kuma tattara sadaka domin marasa lafiya da mabuƙata. A zamanin nan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini sun ɗauki wani kaso na aikin. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, gwamnati ta shigo da hukumominta, wato Hisba da Hukumar Zakka da Waƙafi, aka kuma rubuta haddin ƙazafi na bulala 80 a cikin dokar jiha.

A Tsafe ne wannan tsohon tsari ya fara cin karo da intanet, tun kafin yawancin mutanen garin su taɓa kwamfuta. A watan Satumba na 2000 wata kotun shari'a a garin ta yanke wa wata yarinya 'yar ƙauye hukunci bayan an same ta da ciki ba aure. Ta ambaci maza uku, ta ce tilasta mata aka yi. Mazan suka musanta, aka sallame su. Ita aka yanke mata bulala 100 ta zina, da 80 ta ƙazafi, waɗanda daga baya aka janye. Labarin ya tsallaka teku. Gwamnatin Kanada ta yi magana, saƙonnin imel da takardun koke suka riƙa yawo a ƙasashen Turai da Amurka, da yawansu cike da zagin shari'ar baki ɗaya. A gida kuwa ƙungiyar BAOBAB, mai kare haƙƙin mata, ta nemo lauyoyi domin ɗaukaka ƙara bisa hujjojin fiƙihu. Ba su kai ga kammalawa ba aka zartar da hukuncin, ranar 19 ga Janairu, 2001.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. A 2003, lokacin da shari'ar wata mata mai suna Amina Lawal a Jihar Katsina ke tashe, BAOBAB ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon masu tausayi na ƙasashen waje su daina yaɗa takardun koke. Hujjarta ita ce takardun cike suke da kurakurai, kuma a ganinta hayaniyar waje ce ta sa aka gaggauta hukuncin Tsafe domin kada a ce an ji tsoro. Ta ce mai son taimako ya ba da kuɗin lauya da na masauki. Ranar 25 ga Satumba, 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke Amina Lawal, bayan lauyoyin da ƙungiyoyin gida irin su WRAPA suka ɗauki nauyi sun kare ta da dokar shari'ar kanta.

Wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga nan kuma tonon silili ya samu ƙafa. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim a Kano ya bi wayoyin Arewa ta Bluetooth, aka yi caa a kan macen fiye da namijin da ya ɗauka. Da Facebook da WhatsApp da TikTok suka zo, abin ya zama ruwan dare: saurayin da aka ƙi ya yi barazanar sakin hoto, sojojin baka na 'yan siyasa su yi wa mutum taron dangi, a buɗe shafi da sunan matar aure. Mai unguwa ba shi da wanda zai kira zaure, domin mai zagin ba shi da fuska, watakila ma ba a jihar yake ba.

Martani ya zo ta hanyar da cutar ta biyo. A Fabrairun 2019 matasan matan Arewa suka fara bayyana cin zarafin da aka yi musu a Twitter ƙarƙashin maudu'in #ArewaMeToo. Wasu sun samu lauyoyi da masu ba da shawara kyauta, amma masu jagorantar abin sun sha zagi, har 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikinsu a Kaduna. Cibiyar CITAD ta Kano ta shafe shekaru tana bibiyar kalaman ƙiyayya da cin zarafin mata a intanet, da Hausa, abin da kamfanonin da suka mallaki shafukan suka yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta bibiya da barazana a sashe na 24, sai dai an fi jin amfani da shi a kan 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har aka yi masa gyara a 2024.

A Zamfara matsalar tsaro ta ba lamarin wata fuska. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, ƙauyuka suka daɗe a duhu, kuma a wannan tsakani mutane suka ga yadda neman agaji ya riga ya dogara da waya. Da aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ranar 22 ga Satumba, 2023, kafafen sada zumunta sun taimaka wajen hana maganar ta mutu. Amma a irin wannan hali hotunan waɗanda aka sace kan yi yawo tare da lambar asusu, macen da ta dawo daga daji kuma ta tarar kowa ya san fuskarta, ga tsegumi na jiran ta. 'Yan damfara ma kan ɗauki hoton marar lafiya ko marainiya su liƙa tasu lambar.

Saboda haka masu aikin agaji da suka san ciwon kansu a waɗannan garuruwa sun koma ga wasu ƙa'idoji na zaure. Kafin a buɗe gidauniya akan aika wanda zai ga gidan da idonsa, a nemi shaidar liman ko mai unguwa, a rufe fuskar yarinya a hoto, a biya kuɗin magani kai tsaye a asibiti, sannan a wallafa rasit. Ƙarar ɓata suna kuwa takan bi ta sulhu tukuna, ta hannun dangi ko Hisba, kafin ta kai ga 'yan sanda da kotu, kuma abin da ake fara ce wa wadda aka yi wa barazana shi ne kada ta goge saƙon, ta ɗauki hotonsa ta ajiye, domin shi ne shaidarta.