Tsohuwar Golf a Hanyar Illela da Tarihin Takardar Lafiyarta

Duk wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Illela, wadda ta ratsa Kware da Gwadabawa, ya san Golf. Ƙaramar mota ce mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama, wadda kamfanin Volkswagen ya ƙera domin magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu ko uku. Samfurin da ya fi yawa a wajenmu, Golf 3, ya fito a 1991, wato yawancinsu sun kusa shekara 30 ko sun haura. A nan kuwa ita ce motar gida, ita ce ta haya, ita ce mai ɗaukar buhunan albasa ran kasuwa. A aljihun gabanta akan sami takardar da ke shaida cewa lafiyarta ƙalau, ta cancanci hawa titi. Yaya aka yi motar ta zo nan, kuma me wannan takarda take tabbatarwa?

Illela ta daɗe da sanin cewa mota tana da dokar ƙasa. Tsakaninta da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne, amma har zuwa 2 ga Afrilu 1972 Najeriya hannun hagu take bi irin na Ingila, Nijar kuwa hannun dama irin na Faransa, sai direba ya sauya hannu idan ya ƙetare iyaka. A waɗannan shekaru na arzikin man fetur ne aka fara harhaɗa ƙananan motoci a gida. A 1975 kamfanin Fijo na Kaduna ya soma fitar da 504, na Volkswagen a Legas kuma ya soma fitar da tasa. Ma'aikacin gwamnati kan karɓi bashin mota ya sayi sabuwa dal a leda. Aikin jami'an duba motoci na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO, bai yi tsanani ba a lokacin, domin motocin kaɗan ne, kuma an san asalin kowace.

Shekarar 1986 ce ta juya al'amarin. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai idanu suka koma kan kwancen Turai, wanda Yarbawa ke kira tokumbo, mu kuma muke cewa Beljiyam ko 'yar Kwatano. Jirgin ruwa kan sauke motocin a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin da sunan za a wuce da su Nijar, a koro su ta Malanbil da Gaya da Dosso har Ƙonni ko Maraɗi, daga nan da yawa su gangaro Najeriya, wasu ta ƙofar kwastan, wasu ta ɓarauniyar hanya. Gwamnatoci sun yi ta sauya ƙa'idar shekarun motar da za a shigo da ita, daga 5 zuwa 8 har ta kai 15. A Janairun 2017 aka haramta shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin, sai Disambar 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da ta Illela. Duk wannan dambarwa a kan kuɗin fito take. Tambayar da aka saba yi wa mota a bakin iyaka ita ce ko an biya mata diyuti, maganar birkinta kuwa ba ta cika tasowa ba.

To, a can inda motar ta fito, birkin ne kan gaba. Ingila ta fara gwajin MOT a 1960 kan motocin da suka kai shekara 10, inda ake duba birki da fitilu da sitiyari, daga baya aka mayar da shi kan duk motar da ta cika shekara 3. A Jamus, mahaifar Golf, bayan shekara 3 na farko sai an kai mota gwaji duk shekara 2. Idan kuɗin gyaran da gwaji ya nema ya fi darajar motar, mai ita kan sayar wa dillalai, su kuma su sa ta a jirgi. A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ke barin ƙasarsu zuwa Afirka ya gano yawancinsu ba su da takardar lafiya mai aiki, kuma shekarunsu tsakanin 16 da 20 ne.

A gida ma doka ba ta yi shiru ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ƙa'idojin hanya sun wajabta a riƙa duba motoci lokaci-lokaci, na haya fiye da na gida. Sai dai sannu a hankali takardar lafiya ta shiga cikin jerin takardun da ake sabuntawa tare da lasin da inshora. Mutane da yawa kan ba ɗan aike kuɗi ya karɓo musu, motar tana ajiye a ƙofar gida. Legas da Abuja sun kafa cibiyoyin gwaji da kwamfuta, inda ake ɗora mota kan na'ura a auna ƙarfin birkin kowace taya, amma irin wannan bai game ƙasa ba.

Saboda haka ainihin dubawa ta koma hannun bakanike. Shi mai saye kan ɗauka zuwa wurin dillali, ya saurari ƙarar inji, ya duba kalar hayaƙi, ya taɓa baƙin mai, ya leƙa lagireto, ya gwada giya da kuloci. Gwaninta ce ta gaske, kuma ita ta riƙe Golf da rai a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Sai dai abin da ake tambayarsa shi ne ko motar za ta tashi ta kai ta dawo. Lahanin mota da ke kashe mutane a hanya kuwa galibi ba ya ƙara: tiyon birki da ya tsattsage, shokozoba da lodi ya kashe, ƙarfen ƙasa da gishirin da ake zubawa kan titunan Turai lokacin ƙanƙara ya cinye, da tayar Beljiyam da ta tsufa tun kafin ta iso.

Tsufa kaɗai ba ya hana mota aminci. Golf mai shekara 30 da aka kula da birkinta da tayoyinta ta fi 'yar shekara 10 da aka yi wa sakaci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2315 na nufin mako na 23 na 2015, kuma karanta su ba ya buƙatar ko sisi. Magidancin da zai ɗauki iyalinsa daga Illela zuwa Sakkwato yana iya sa bakanike ya ɗaga motar, ya cire tayoyi, ya duba abin da ke bayansu. Har zuwa ranar da jami'i zai ƙi sa hannu sai ya ga mota da idonsa, wannan dubawar ce abin dogaro, takardar aljihu kuwa shaidar biyan kuɗi ce kawai.