Tashar Treichville da Kasuwannin Adjamé: Wane Ma'auni Ke Nuna Jigon Tattalin Arziki?

Idan masu tsara tattalin arziki za su fitar da fannin da ya fi cancantar jari a wani yanki, sukan raba darajar abin da fannin ya samar da yawan ma'aikatansa. Da wannan ma'auni, Treichville ta yi wa Adjamé fintinkau a birnin Abijan. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, ta nan ne kaso mai tsoka na kokon ƙasar ke fita, ƙasar da ke noma kusan kashi 40 cikin ɗari na kokon duniya. Ma'aikaci guda da injin ɗaga kwantena yakan sauke a yini abin da 'yan dako ɗari ba za su iya ba.

Sai dai lissafin bai cika ba. A 1958 Albert Hirschman ya nuna cewa ana gane jigon fanni ne ta yadda yake jan wasu fannonin, wato abin da yake saye a wurinsu da abin da yake ba su. A nan ne Adjamé ke shigowa. Shinkafa da atamfa da wayoyin hannu da aka sauke a tasha ba sa zama kuɗi sai sun ratsa rumfunanta da tashar motarta, daga nan su nufi Bouaké da Korhogo, har Mali da Burkina Faso. Daga arewa kuma albasar Galmi ke gangarowa daga Nijar: maigida ya sauki fatake, dillali ya yanke farashin buhu, mai baro ya tura, matan kasuwar Gouro su kasa. Akasarin cinikin bashi ne bisa amana, babu rasit, don haka ba ya shiga kundin ƙididdiga yadda ya kamata. Irin wannan hada-hadar ce Keith Hart ya nazarta a unguwar Nima ta Akara, inda Hausawa ke da yawa, ya buga sakamakonsa a 1973.

Gaskiya ne ribar mai talla ba ta taka kara ta karya ba, kuma yawan jama'a a sana'a kan zama alamar rashin aikin yi. Amma ƙarancin ribar na da dalilai da za a iya aunawa: sa'o'in da ƙananan motocin haya na gbaka da manyan motoci ke ɓatawa a cunkoso, albasar da ke ruɓewa don rashin rumbu mai iska, da tsadar rance. A ganina, mai neman inda jari zai fi haɓaka yankin ya kamata ya auna waɗannan tukuna kafin ya kammala cewa tashar ce kaɗai jigo.